Cikin Ladan da Ƙahon Wanzami

Ƙarfe bakwai da kwata na safe, ranar sha bakwai ga watan Rajab, mu uku ne a zauren gidana a Filinge. Ni ina zaune a kan tabarma ba riga. Wanzamin gidanmu yana durƙushe yana kwance zabirarsa. Mai ɗakina tana tsaye a ƙofar ciki, riƙe da tukunyar ruwan zafi. Ƙaho za a yi mini a baya saboda ciwon ciki, kuma ban taɓa yi ba sai ran nan, ko da yake gemuna ya riga ya yi fari. Amma ba na son a fara labari daga tsakiya. Zan koma farko, in bi shi daki-daki har mu dawo zauren nan.

Karatuna na lakkol bai wuce aji shida ba. Na yi aikin planto a wata lakkol ta cikin gari har na yi ritaya: in buɗe ƙofa, in share ofishin direkta, in buga ƙarfen da aka rataye a jikin dogon yaro. Yara sun san ba na jinkiri kuma ba na wasa. Da na bar aiki, dattawan unguwa suka ce tun da wannan mutum bai taɓa makara ba, a ba shi kiran salla a masallacinmu. Na karɓa. Ba albashi a ciki, amma kiran nan shi ya tsayar mini da yini bayan na rabu da ƙarfen lakkol. Da shi nake sanin lokacin tashi, da lokacin zama, da abin da na fito yi a duniya ran nan.

Ladan yana tsayawa ne a sahun farko, daidai bayan liman. A riƙe wannan, domin nan wahalar take.

Ciwon ya zo da tsarinsa. Da farko ciki ya kumbura ya yi tauri. Sannan murɗa ta taso daga ƙasan cibiya, wajen hagu. Sannan iska. Daga nan ko dai in yi ta zarya bayan gida, ko kuwa a yi kwanaki ba abin da ya fita. In na samu na kewaya, murɗar ta lafa, in ce na warke. Bayan ɗan lokaci ta dawo kamar ba ta taɓa tafiya ba.

Zafin ban damu da shi sosai ba, na san zafi. Alwala ce ta dame ni. Zan yi alwala, in kira salla, in tada iƙama, liman ya yi kabbara, muna cikin raka'a ta biyu sai in ji abin ya kuɓuce mini. To wanda ke bayan liman in zai fita, sai ya keta sahu duka, kowa yana ganinsa. Malamanmu sun koya mana cewa wanda alwalarsa ta karye cikin sahu ya kama hancinsa ya fita, don mutane su zaci haɓo ne, kada ya ji kunya. Haka na yi ranar farko. Haka na yi rana ta biyu. Kafin a jima unguwa duka ta yarda cewa ladan yana fama da haɓo.

Sai magunguna suka fara zuwa. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta aiko da albasa, ta ce in riƙa shinshinawa. Wani ya ce in jiƙa tsumma in ɗora a tsakar kai kafin Azahar. Wani ɗan kasuwa ya kawo mini malafa sabuwa, ya ce rana ce ke dafa mini jini. Na karɓi kowanne na yi godiya. Malafar ma na riƙa sawa, don kada ya ji ba daɗi.

Ban zauna ba. Na tafi gidan likita, na ga majo, babban ma'aikacin jinya na wurin, yaro ne sa'an ɗana na fari. Ya yi mini tambayoyi bi da bi, abin da ya sa na yarda da shi ke nan.

“Baba, ka taɓa ganin jini a bayan gida?”

“A'a.”

“Kana ramewa? Zazzaɓi fa? Ciwon yana tashe ka daga barci?”

Duk na ce a'a. Aka auna jini, aka auna bayan gida, aka ba ni maganin tsutsa ko da akwai. Ba abin da ya canza. Ya tura ni Yamai a ɗauki hoton ciki. Na yi tafiyar nan ban sa komai a baki ba tun jiya, don tsoron in tsayar da mota cike da mutane a gefen gudron, wato titin kwalta. Na dawo da takarda mai cewa ba a ga komai ba.

Majo ya duba ya ce sunan abin kolopati. Ya ce hanji ne mai saurin fushi, ba ƙari, ba gyambo, ba ya kisa, amma ba ya barin mutum ya sake. Ya ba ni ƙwayoyin rage murɗa. Ya ce sauran aikin nawa ne: in riƙa barin abinci ɗaya bayan ɗaya, in ga wanda cikin ba ya so.

Irin aikin da na iya ke nan. Na bar yaji. Na bar wake, da ƙosai, da duk abin da aka soya. Na bar shayi. Na bar kopto, kwaɗon zogalen nan da nake so tun ina yaro. Kowanne na bari, sai in cike gurbinsa da fura.

A ƙasarmu ta Kurfai ba a tuhumar fura. Ita ake ba mara lafiya in ya kasa cin tuwo, ita ake ba mai jego, ita ake tarar baƙo da ita, ita ake kai wa manomi gona. Geronmu daga gonarmu ta wajen Tabla yake zuwa, nonon kuma na shanunmu ne da ke hannun makiyayi, kowace safiya ana kawowa. Mai ɗakina ta iya dama fura, wannan ba ni kaɗai na faɗa ba. Da ta ga na rage cin abinci, sai ta riƙa ƙara nono, har da kindirmo, wai don jikina ya samu abin riƙewa. Ni kuma ina shanyewa ina sa mata albarka. Ciki kuwa sai gaba yake yi.

Wata rana bayan Azahar liman ya tsayar da ni, ya jira kowa ya fita.

“Ladan, azumi ya matso. Asham tsayuwa ce mai tsawo. Dattawa sun ce haɓon ga naka ya yi yawa, ko za ka huta bana a ba wani kiran?”

Ban ji haushinsa ba. Gaskiya ya faɗa. Ladan da ke fita tsakiyar salla yana raba wa mutane hankali. Kuma na san abin da ake nufi da hutu: wanda aka ce ya huta bana ba ya dawowa baɗi.

“Allah gafarta malam, a ba ni zuwa ƙarshen Sha'aban.”

“An ba ka,” in ji shi.

Ranar kasuwa wanzami ya zo yi mini aski kamar yadda ya saba. Ubansa ne ya yi mana kaciya rana ɗaya, ni da shi, muka kwanta a tabarma ɗaya muna kuka. Saboda haka ba girmamawa tsakaninmu. Duk unguwa na ce mini ladan, shi kaɗai bai daina ce mini planto ba.

“Planto, na ji an ce hancinka ya zama rijiya.”

“Aski ka zo yi ko gulma?”

“Duka biyu. Hannu na aiki, baki na aiki.”

Ya jiƙa mini kai, ya fara. Can ya kama haɓata ya ɗaga, ya leƙa hancina dama da hagu, ya daɗe yana leƙe.

“Na taho da niyyar in kahwa maka ƙaho ga ƙeya, in rage jinin da ya taru ga kai. Amma hancin ga bai zub da komi ba bana. Mi kake ɓoyo?”

Askarsa tana kan kaina, ba wurin gudu. Sai na faɗa masa, daga kumburi har zuwa kama hanci. In ban da majo da mai ɗakina, shi ne mutum na farko da ya ji. Ya ajiye aska ya yi dariya har ya riƙe ƙirji.

“To malahwar hwa? Wa take karewa?”

“In ka gama, ka ƙarasa mini askin.”

Ya gama dariyarsa, ya share ido, sai muryarsa ta sauka.

“Ubana shina yi wa masu iskar ciki ƙaho ga baya, ƙasa da haƙarƙari. Wasu sun ji dama, wasu ba su ji ba. Ban yi maka alkawali. Amma in kana so mu gwada.”

Na ce sai na tambayi majo.

“Kai dai ko ƙabari za a sa ka, sai ka nemi izinin direkta.”

Na tambayi majo ɗin. Ya ce, “Baba, ban hana ka ba, ban kuma ce maka magani ne ba.” Ya sake duba sakamakon jinina, ya ce ba ni da ƙarancin jini, ba ni da ciwon suga, ba na shan ƙwayar da ke tsinka jini, don haka bai ga haɗari ba in an kiyaye tsabta. Ya ce reza ta zama sabuwa, a buɗe ta a gabana. A wanke kayan da ruwan zafi da sabulu. Kada a zuƙa da baki. A baya za a yi, ba a kan ciki ba. Kuma kada in bar ƙwayoyina.

Da na kai wa wanzami sharuɗɗan, na zaci zai yi fushi. Sai ya ce ai ɗansa ya daɗe da kawo masa kofunan roba masu famfo daga Yamai, ƙahonin sa na gado yana ajiye da su ne saboda tsofaffin da ba su yarda da roba ba.

“Majon ga ya hutar da bakina. Dama haƙora sun ƙare.”

Yanzu mun dawo zauren.

Mai ɗakina ta ajiye tukunyar ta koma bakin ƙofa. Wanzami ya wanke kofunan ɗaya bayan ɗaya, ya wanke hannu, ya goge mini baya da alkol mai kashe ƙwayoyin cuta. Ya ce in kwanta rub da ciki. Ya fara kafa kofunan a bushe, ba tsaga, biyu a kowane gefe na ƙashin baya, ya ja famfo. Na ji fata ta tattaru ta shige ciki, kamar ɗan maraƙi ya kama ni yana tsotsa. Ya bar su suka ɗan jima, ya cire. Sannan ya nuna mini reza cikin takardarta.

“Duba da kyau, ka je ka hwaɗa wa direkta.”

Ya yage takardar, ya yi bismilla. Tsagar ba ta da zurfi, ƴan ƙanana ne a jere, zafinta bai kai na ƙaya ba. Ya mayar da kofunan a kan tsagar, ya sake jan famfo. Daga nan sai jira.

Na daɗe ban kwanta da rana haka ba, ba abin da nake tsaro. Tun da ciwon ya fara, kullum a ɗaure nake, ina sauraron cikina kamar mai gadi. Ran nan ina kwance, bayana ya yi ɗumi, wanzami yana ba ni labarin wani mutumin Damana da ya suma tun kafin a taɓa shi, mai ɗakina tana dariya daga ƙofa. Ba wanda nake ɓoye wa komai a cikin zauren.

Ya cire kofunan, ya juye jinin a kasko mai yashi, ya kawo mini gaban fuska.

“Ga mugun nan. Dubi baƙinshi.”

“Kowane jini in ya kwanta baƙi yake yi.”

“Aji shida ya yi magana.”

Ya goge wurin, ya rufe da auduga, ya kai kaskon bayan gida ya binne abin da ke ciki. Da ya dawo sai ya juya wajen mai ɗakina. Amarya yake ce mata har yau, ko da yake tana da jikoki.

“Amarya, ki ji doka. Har tsagar ga ta warke, ba nono, ba kindirmo, ba man shanu. Haka munka gada.”

“To mi za shi sha? Mutum ba shi cin wake, ba shi cin yaji, yanzu ka hana mishi hura?”

“Ban hana hura ba. Ki dama da ruwa da tsamiya.”

“Ko shekarar da gero ya ƙi, ban dama wa mijina hura gaya ba.”

Na tambaye shi dalilin dokar. Ya ce ubansa ya ce nono yana sa tsaga ta yi ruwa.

“Ban tambaye shi ƙari ba, shina riƙe da aska.”

Ni mutum ne mai bin doka in na karɓe ta. Na ce a yi yadda ya ce. Ta dama furar tsamiya ta ajiye mini, ƙarar ƙwaryar ce ta gaya mini ra'ayinta.

Ran nan na yi barcin rana, abin da na manta yadda ake yi. Kashegari ciki bai kumbura ba. Na yi Azahar a bayan liman har sallama. Na yi La'asar. Kwanaki suka bi juna, murɗa takan leƙo ta koma, amma iskar ta ragu ƙwarai, alwala tana kai ni ƙarshen salla. Mutane suka ce haɓo ya tsaya, ƙaho ya yi aiki. Wanzami ya riƙa wucewa ta ƙofar masallaci yana gyara zaman zabira a kafaɗa. Ni ma a raina na ba ƙaho ladan duka.

Tsaga ta warke, ɓawon ya faɗi. Mai ɗakina ta duba bayana da kanta ta ce doka ta ƙare. Ta dama fura irin wadda ake yi ranar suna, kindirmo har yana tsayawa a ludayi. Na sha na ƙoshi. Da La'asar, a raka'a ta uku, na keta sahu na fita.

Na dawo gida raina a ɓace. Na aika a kira wanzami, na ce ƙarfin ƙahon ya ƙare, a sake.

“Ba a yin ƙaho bisa ƙaho. Sai wata ya kewayo. Bayanka ba gona ba ne da za a yi ta huɗa.”

Ya tafi ya bar ni. Na zauna a zaure na jera abin a kaina, kamar yadda nake jera benci a aji. Ranar da na samu sauƙi abu biyu suka faru tare: an yi ƙaho, an bar nono. Ranar da ciwon ya dawo abu ɗaya ne ya faru. Na juya shi ta kowane gefe, ban so amsar ba, amma ba wata.

Na shiga ciki. Tana wanke ƙwarya.

“Gobe ki koma dama mini da tsamiya.”

“Doka ta ƙare.”

“Ta wanzami ta ƙare. Wagga tawa ce.”

Ta ajiye ƙwaryar. “Tun ina yarinya kake shan hurata. Yau ita ce ciwo?”

“Ba hurarki ba ce, nonon ne. Kuma nonon bai canza ba, cikina ne ya canza.”

Ta sake ɗaukar ƙwaryar. Sannan ta ce, ba ta dube ni ba, “Ni na riƙa ƙara maka.”

“Ni kuma na riƙa shanyewa. Ba wanda ya ɗura mini.”

Muka gwada. Na bar nono, ciki ya kwanta. Don in tabbata, bayan wani lokaci na sa ta zuba kaɗan da gangan, ranar da na roƙi wani ya riƙe mini kiran La'asar. Ciki ya amsa kafin rana ta faɗi. Daga nan ba ta ƙara gardama ba. Ta koma neman yadda furar tsamiya za ta yi daɗi, tana sa citta kaɗan da kanumfari, har ƴaƴanmu in sun zo suna neman a raba musu.

Na koma wurin majo na kwashe masa duka. Ya dafa goshi.

“Baba, na lissafa maka wake da yaji da mai, ban ambaci hura ba. Ni ma ita na sha kahin in hito aiki.”

Ya ce akwai manyan da hanjinsu ke daina karɓar nono, ko da sun sha shi tun suna yara. Ya ce kada in ɗauka kowa haka ne: wani wake ne nasa, wani albasa, wani kuwa damuwa ce ke ɗaure masa hanji, kuma yawanci abin haɗe yake. Na tambaye shi ƙahon fa. Ya ce bai sani ba, kuma ba zai faɗi abin da bai sani ba. In ina jin daɗinsa, ana kiyaye tsabta, ba a yawaita ba, to in ci gaba tare da maganina.

Da na gaya wa wanzami, ya ce, “To dokar ta wa ce? Ta majo ko ta ubana? Ƙaho da dokarshi tare suke tahiya, ba ka raba su.”

Ban yi masa gardama ba. An sake yi mini a Sha'aban, kuma har yau ina yi jefi-jefi. Abin da zan iya shaida shi ne wannan. Barin nono ya rage iskar, wannan na gwada na gani. Ƙahon kuma, duk ranar da aka yi bayana yana saki, ina barci, murɗa tana yin laushi na wani lokaci. Ko jinin da aka cire ne, ko kwanciyar ce, ko samun wanda zan gaya wa abin yana dariya, ban iya rabewa ba. Ba zan ce wa kowa ƙaho ya warkar da ni ba, domin ban warke ba. Akwai ranakun da ciki ke tashi ba nono ba komai, don kansa.

Saboda waɗannan ranakun ne na tafi wurin liman a ƙarshen Sha'aban. Zan iya yin shiru in bar shi ya zaci na warke sarai, amma asham ba za ta rufa mini asiri ba. Na same shi a ƙofar gidansa bayan Asuba.

“Allah gafarta malam, wa'adi ya cika. Na zo in hwaɗi abin da ke akwai. Ban taɓa yin haɓo ba. Cikina ne.”

Na bi masa shi daga farko, yadda na bi maka. Bai yi dariya ba, bai kuma yi mamaki yadda na zata ba.

“Ladan, da ka hwaɗa tun wuri da ka rage wa kanka wahala. Addini ya yi sauƙi ga mai lalura, akwai babinta a littahi, za mu zauna in karanta maka. Yanzu kai mi kake iyawa?”

Na ce kira ina iyawa kullum. Tsayuwa a bayansa ina iyawa yawancin kwanaki. Ranar da ciki ya tashi kuwa ina sani tun da safe.

“To kira naka ne. Ranar da kake lahiya ka tsaya wurinka. Ranar da ba ka lahiya ka tsaya ƙarshen sahu, bakin ƙohwa, wani shi tada iƙama. In ka hita ba ka keta kowa ba.”

“Dattawa hwa?”

“Dattawa rabinsu bakin ƙohwar suke so, kunya ta hana su.”

Daren farko na azumi na kira Isha'i, na tsaya a bayan liman, muka yi asham har ƙarshe ban motsa ba. Da aka yi sallama na ɗan zauna a wurin bayan mutane sun tashi. A cikin watan nan na tsaya bakin ƙofa wasu ranaku, na fita sau ɗaya ko biyu hannuna a sake ban kama hanci ba, na sake alwala na dawo. Ba wanda ya juyo. Kafin ƙaramar salla ta zo mun zama mu uku a ƙarshen sahun nan, ni da wasu dattawa biyu. Ban tambaye su dalili ba, su ma ba su tambaye ni ba. Har yanzu ni ke kiran salla a unguwarmu.

Mai karatu, ban san masallacin da kake salla ba, amma na san akwai irina a cikinsa, domin ciwon nan ba ya nuna a fuska. In shi ne ya kawo maka maganar cikinsa, ka raka shi gidan likita tukuna a duba, kafin ƙaho ko wani abu. In kuwa bai ce komai ba, sai dai ka ga yana neman ƙarshen sahu kusa da ƙofa, ina roƙonka ka matsa masa ya tsaya, kuma kada ka tambaye shi dalili.